Komawa Jiya da Tsallakawa Gobe: Ina Addini da Hankali Suka Tsaya?

Ranar 28 ga Yunin 2009, masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, ya shirya walima a Jami'ar Cambridge. An jera abinci da abin sha, an ƙawata ɗaki, shi kuma ya zauna a kan kekensa yana jiran baƙi. Har aka tashi ba wanda ya leƙo, domin bai fitar da takardar gayyata ba sai bayan an gama walimar. Da gangan ya yi haka. Lissafinsa shi ne, idan akwai ranar da ɗan Adam zai ƙera na'urar komawa baya cikin zamani, mutanen wancan lokaci za su tarar da gayyatar ajiye a cikin tarihi, su juyo su halarta.

Walimar ba ta kashe muhawarar ba. Tun 1895, lokacin da marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da labarin mutumin da ya ƙera na'urar ratsa zamani, batun bai bar bakin mutane ba. Fina-finan Amurka da na Indiya sun kawo shi har cikin wayoyin matasanmu, kuma tambayoyin da ke biyo baya masu nauyi ne. Idan abin ya yiwu, ya halatta? Bai ci karo da ƙaddara ba? Wanda ya koma ya hana wata masifa, lada gare shi ko shisshigi ya yi? Sun cancanci amsa cikin natsuwa, domin a ƙarƙashinsu akwai abubuwa uku da suka dami kowane mai imani: ikon Allah, alhakin ɗan Adam, da nadamar abin da ya wuce.

Abin da kimiyya ta tabbatar

Sai an raba tambayar gida biyu, domin tsallakawa gaba daban, komawa baya daban. Ta farkon kimiyya ta riga ta tabbatar da ita. A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa lokaci ba ya tafiya bai-ɗaya ga kowa: agogon abin da ke tsananin gudu yana jinkiri idan aka gwada shi da na wanda aka bari a baya. A 1915 ya ƙara da cewa ƙarfin jan da manyan halittu irin su duniya da rana suke da shi ma yana rage wa agogo sauri. A watan Oktoban 1971, Joseph Hafele da Richard Keating suka ɗora agogunan atam a jiragen fasinja, suka kewaya duniya da su ta gabas, sannan ta yamma. Da suka dawo, agogunan sun saɓa da waɗanda aka bari a ƙasa, kamar yadda lissafi ya hango.

Yau duk mai neman hanya da taswirar wayarsa yana cin moriyar wannan ilimi. Agogon taurarin ɗan Adam na GPS yana riga na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na sakan a kowace rana, kuma da ba a gyara wannan bambanci, da taswirar ta riƙa ƙara kuskuren kusan kilomita 10 a kullum. Ɗan sama-jannatin Rasha Sergei Krikalev, wanda ya yi jimillar kwana 803 a sararin samaniya, ya samu ragin kusan kashi ɗaya cikin 50 na sakan a tsufansa. Ɗan mitsitsi ne, amma ƙa'idar ta tsayu: wanda zai iya gudu dab da gudun haske, zai yi tafiyar shekara guda ya dawo ya tarar jikokinsa sun yi furfura.

Komawa baya kuwa har yanzu a takarda take. A 1949 Kurt Gödel ya gano cewa lissafin Einstein yana karɓar wata irin duniya mai juyawa, inda hanya za ta iya zagayowa ta mayar da matafiyi jiyansa, sai dai ba a ga alamar tamu duniyar haka take ba. A 1988 Kip Thorne da ɗalibansa suka yi nazarin wani irin rami da zai haɗa wurare biyu masu nisa a samaniya, amma riƙe bakinsa a buɗe yana buƙatar abin da ba wanda ke da shi a hannu. A 1992 Hawking ya gabatar da hasashen cewa dokokin halitta da kansu suna toshe wannan hanya. Ga kuma tsohuwar sarƙaƙiya: mutum ya koma ya kashe kakansa tun kafin kakan ya yi aure, to wa ya haifi wanda ya yi kisan? Masanin Rasha Igor Novikov ya amsa da cewa ko da an koma, ba abin da matafiyi zai iya aikatawa face abin da ya riga ya faru.

Waɗanda aka tsallakar da su gaba

Musulmin da ke karanta Suratul Kahfi ranar Juma'a bai baƙunci wannan batu ba. Samari sun gudu da imaninsu zuwa kogo, Allah ya sa musu barci na shekara 309. Da suka farka, suka yi zaton wuni guda suka yi ko wani yanki nasa, suka aiki ɗayansu gari da kuɗin azurfa ya sayo abinci. Malaman tafsiri sun kawo yadda tsohon kuɗin ya tona shi a kasuwa: mai saye da mai sayarwa suna tsaye gaba da gaba, amma ƙarni uku ne a tsakaninsu. Kiristoci ma suna da labarin masu barcin Afisa, a ƙasar Turkiyya ta yau, waɗanda suka ɓuya a zamanin Sarki Decius wajen shekara ta 250. A Suratul Baƙara akwai mutumin da ya wuce wani rusasshen gari, wanda malamai da yawa suka ce Uzairu ne. Allah ya kashe shi shekara 100 sannan ya tashe shi, abincinsa bai lalace ba, jakinsa kuwa ya zama ƙasusuwa. Wuri ɗaya, amma zamani ya ci wani ya ƙyale wani.

A Talmud na Yahudawa akwai Honi, wanda ya ga wani yana shuka bishiyar da ba ta 'ya'ya sai bayan shekara 70, ya yi mamakin wahalarsa. Barci ya ɗauke shi na shekara 70, ya farka ya ga jikan mai shukar yana tsinkar 'ya'yan. Da ya koma gida da makaranta ba wanda ya yarda shi ne, baƙin ciki ya ishe shi har ya roƙi mutuwa. A littattafan Hindu akwai Sarki Kakudmi, wanda ya je wurin Brahma neman shawarar mijin da ya dace da 'yarsa Revati. Ɗan jiran da ya yi a can, zamunna masu yawa suka shuɗe a ƙasa, manema 'yar da zuriyarsu duk sun ƙare.

Akwai gargaɗi a nan ga masu gaggawar cewa Alƙur'ani ya riga Einstein. Ashabul Kahfi, samarin nan na kogo, ba tsananin gudu ne ya tsallakar da su ba, a kwance suke ana jujjuya su dama da hagu, rana tana fitowa tana faɗuwa a kansu. Alƙur'ani ya faɗi dalilin bayyana su: don mutane su san alkawarin Allah gaskiya ne, tashin ƙiyama kuma babu shakka a cikinsa. Haka ayoyin da suka ambaci yini mai tsawon shekara 1,000 ko 50,000 suna koyar da cewa ma'aunin kwanakinmu ba ya ɗaure Allah. Ɗaura aya a jikin wani nazari na kimiyya haɗari ne, domin nazari yana canzawa.

Darasin da waɗannan labarai suka haɗu a kai shi ne, wanda ya tsallake zamaninsa ya rasa mutanensa. Nan ne nauyin hukuncin yake. Tafiya gaba, idan ta samu, tafiya ce kamar kowace, ana auna ta da niyya da kuma haƙƙoƙin da aka bari a baya. Mutumin da zai tafi na shekara guda a agogonsa, 80 a agogon gida, ya bar mata da ƙananan 'ya'ya da tsofaffin iyaye da bashi, wa ya bar wa nauyinsu? Fiƙihu bai yarda a bar mace a rataye ba. A mazhabar Malikiyya, matar wanda ya ɓace tana kai ƙara, a ɗibar mata shekara 4, sannan ta yi takaba, dukiyarsa kuma ba a raba ta sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye.

Sallah ma tana da mafita. A hadisin Dujal da Muslim ya ruwaito, an ambaci yini mai tsawon shekara, sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta wadatar, Annabi (SAW) ya umarce su da su ƙaddara lokutan. Irin wannan ƙaddarawa aka yi a 2007, lokacin da likitan Malesiya Sheikh Muszaphar Shukor ya tafi tashar sararin samaniya a ƙarshen Ramadan. Tashar tana kewaya duniya cikin kusan minti 90, wato rana tana fito musu sau 16 a yini. Hukumomin addini na ƙasarsa suka tsara masa ya bi lokutan wurin da ya tashi, salloli biyar cikin awa 24, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iko.

Ƙofar baya

Tambayar tauhidi ta fi ta fiƙihu zurfi: Allah zai mayar da abin da ya faru ya zama bai taɓa faruwa ba? Malaman Kirista sun daɗe da taɓa ta. Peter Damian, malamin coci a Italiya a ƙarni na 11, ya ƙi yarda a iyakance ikon Allah ko da a kan abin da ya shuɗe. Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, ya ce a ce abu ya faru kuma bai faru ba tufka da warwara ce, kuma tufka da warwara ba wani abu ba ne da za a ce an iya shi ko an kasa.

Wanda ya karanta Ummul Barahin ta Imam Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, a zauren malaminsa, yana da ma'aunin a hannu. Hukuncin hankali uku ne: wajibi, mustahili da ja'izi. Ikon Allah yana rataya ne da abin da zai yiwu, kuma rashin ratayarsa da mustahili ba gazawa ba ce. Idan aka ɗora batunmu a wannan sikeli, tsawaita dare, tsayar da rana, ko nuna wa bawa abin da ya wuce da abin da ke tafe, duk ja'izi ne. Abin da hankali ya ƙi shi ne abu guda ya kasance ya auku kuma bai auku ba. Imam Gazali da Agustin, babban malamin Kirista da aka haifa a ƙasar Aljeriya ta yau, sun haɗu a kan cewa zamani halitta ne da ya fara tare da duniya. Mahaliccinsa ba ya jiran gobe, jiya kuma ba ta kuɓuce masa ba.

Mu'ujizozin da suka shafi rana sun nuna wannan iyaka. An tsayar wa Annabi Yusha'u rana har ya ci yaƙi. Littafi Mai Tsarki ya kawo yadda inuwa ta koma baya taki 10 a matsayin alama ga Sarki Hezekiya. A Isra'i da Mi'iraji, Annabi (SAW) ya yi a dare ɗaya tafiyar da ayari ke yi a wata guda, ya ja annabawa sallah, aka nuna masa Aljanna da Wuta. A duk waɗannan ba a goge komai daga tarihi ba. Maganar da aka furta tana nan a furte, jinin da aka zubar yana nan a zube.

Alƙur'ani ya ambaci masu roƙon a mayar da su a wurare da dama: mai gargarar mutuwa a Suratul Mu'minun, waɗanda aka tsayar a bakin Wuta a Suratul An'am. Ba a karɓi roƙon ba, kuma Suratul An'am ta bayyana dalili: da an mayar da su, da sun koma wa abin da aka hana su. Wannan ya tona asirin yawancin burinmu na komawa baya. Muna zaton matsalar tana ga waccan rana, alhali tana ga zuciyar da ta yi zaɓin, kuma ita za mu ɗauka mu koma da ita.

Mishna ta Yahudawa ta kawo misalin matafiyin da ya doso gari ya ji ana kururuwa, ya fara roƙon kada ya zama a gidansa ne. Ta kira wannan addu'ar banza, domin abin da ya faru ya riga ya faru. Annabi (SAW) ya koyar da mumini ya yi kwaɗayin abin da zai amfane shi, ya nemi taimakon Allah, kada ya gaza, idan kuma abu ya same shi ya bar faɗin da na yi kaza, domin tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Hausawa suka ce da na sani ƙeya ce. Ƙaddara ba ta cire zaɓi, tunda ba wanda ya san abin da aka rubuta masa kafin ya aikata. Aikinta a nan shi ne kwantar da zuciya a kan abin da ya kuɓuce. Ko da matafiyin zamani zai samu, tafiyarsa da duk abin da zai yi suna cikin sanin Allah tun fil'azal.

Da na'urar tana hannunka

A 2015 mujallar jaridar New York Times ta tambayi masu karatunta ko za su kashe Hitler yana jariri da za su iya komawa. Kashi 42 cikin 100 suka ce e, 30 suka ce a'a, 28 suka kasa yanke shawara. Masu auna aiki da sakamakonsa suna cewa rai ɗaya ne a madadin miliyoyi. Mabiya masanin Jamus Immanuel Kant suna cewa ba a mayar da mutum makamin cimma wata manufa, jaririn da aka haifa a 1889 kuwa bai yi wa kowa laifi ba.

Musulunci ya riga ya fuskanci irin wannan tambaya a ƙissar Annabi Musa da Halliru, wanda ya kashe yaro saboda abin da aka sanar da shi yaron zai zama. Musa ya kasa haƙuri ya yi inkari, domin a shari'ar da ke hannunsa wannan kisan rai ne ba da haƙƙi ba. Halliru kuma ya bayyana cewa bai yi da ra'ayin kansa ba. Muslim ya ruwaito cewa Najda, ɗaya daga shugabannin Hawarijawa, ya rubuta wa Ibn Abbas yana tambaya kan kashe yara. Ibn Abbas ya hana shi, sai dai in ya san abin da Halliru ya sani game da wancan yaro, wanda kuwa bai sani ba. Ba a hukunta mutum kafin ya aikata laifi. Matafiyin zamani ma ba shi da wannan sani. Ya san tarihi ɗaya, bai san wanda zai maye gurbinsa ba. Yarjejeniyar Versailles ta 1919, tashin farashin 1923, rashin aikin yi bayan 1929 da tsohuwar ƙiyayyar Yahudawa a Turai duk suna nan ko an kawar da jaririn.

Sannan kowane gyara yana shafe mutane. Hana aure ɗaya ko ƙaura ɗaya shekara 100 da suka wuce yana nufin zuriya guda ba za ta zo duniya ba, kuma ba a nemi izinin ko ɗayansu ba. Wanda zai mallaki na'urar ma abin dubawa ne. Ba talaka ba ne, ba wanda aka zalunta ba ne. Mai ƙarfi ne, kuma zai fara da goge laifinsa. Tabbatar abin da ya wuce garkuwar mai rauni ce. Maraya zai iya cewa an cinye gadona, a tsaya a bi masa haƙƙi, saboda ba mai iya sa abin ya zama bai faru ba. Hisabi gaba ɗayansa a kan wannan ya ginu: mala'iku suna rubutawa, gaɓoɓi za su yi shaida, ƙasa za ta ba da labarinta.

Ko kallo kawai za a yi, ba tare da taɓa komai ba, da sauran magana. Kallon abin da ya wuce muna yin sa kullum, tunda hasken ranar da muke gani ya baro ta kimanin minti 8 da suka shige. Amma leƙa ɗakunan mutanen da suka rasu bincike ne da Suratul Hujurat ta hana, kuma yaye rufin asirin da Allah ya yi wa bayinsa ne. Ɗauko labarin gobe shi ma haka. An hana tarbar fatake a hanya a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa, to ina ga wanda ya shiga kasuwar Dawanau da farashin masarar baɗi a aljihunsa? Ƙishirwar sanin gobe ce take kai mutane wurin boka da mai bugun ƙasa, kuma hadisi ya ce wanda ya je ya tambaye su ba a karɓar sallarsa ta kwana 40.

Hanyar da aka bari a buɗe

Addinai sun rufe ƙofar sauya abin da ya faru, amma sun buɗe ta sauya matsayinsa. Suratul Furƙan ta yi albishir cewa wanda ya tuba, ya yi imani, ya yi aiki nagari, Allah zai musanya masa munanan ayyukansa da kyawawa. A Talmud, malamin nan Resh Lakish ya koyar da kusan haka game da tuban da aka yi saboda ƙauna. Kiristoci suna tuna Bitrus, wanda ya yi musun Almasihu sau uku a dare ɗaya, ya yi kuka mai zafi, daga baya ya zama jigo a cikin almajirai. Laifin bai ɓace daga tarihi ba, amma ya daina zama sarƙa, ya zama mafarin gyara.

Imam Nawawi ya jera sharuɗɗan: a daina, a yi nadama, a ƙudurta ba za a koma ba, idan kuma akwai haƙƙin wani a mayar masa ko a nemi yafiyarsa. Na ƙarshen ne ya fi wuya, kuma shi ne ya fi kusa da abin da mai burin komawa baya yake nema. Gonar da aka ci iyakarta ana iya mayar da iyakar. Bashin da aka danne ana iya biya, ko ga magada. Zumuncin da aka yanke ana iya tashi a je. Iyayen da suka rasu ana yi musu addu'a da sadaka, a biya bashinsu, a girmama abokansu. Ta fuskar gobe kuma, hannunmu yana kai mata kullum: tarbiyyar yaro, rijiya, dashen itace, ilimin da aka koyar, da kuma bashi da ɓarnar ƙasa da muke tara wa jikoki.

Binciken sirrin zamani ilimi ne mai daraja, kuma ya kamata 'ya'yanmu su shige shi ba tare da tsoro ba, domin ba abin da za a gano a cikinsa da zai fita daga mulkin wanda ya halicce shi. Amma wanda wani abu na jiya ke ci masa rai kada ya jira masana su ƙera masa na'ura. Idan haƙƙin wani ne, ya mayar tun mai shi yana raye. Idan tsakaninsa da Allah ne, ya tuba tun rai bai zo maƙogwaro ba. Idan kuma musiba ce da ba ya da hannu a ciki, ya bar ta ga wanda ya ƙaddara ta, ya kama aikin da ke gabansa.